Ranar da aka kashe Sardauna aka haife ni, amma takarda ta ce 1 ga Janairu

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, ya aiki ya kuma hunturu. Dan Allah a ɗan sam mini fili in yi wata magana da ta daɗe tana cina, kuma a yi haƙuri da tsawonta, tsohon malamin makaranta ne ni, in muka fara bayani sai an kaɗa ƙararrawa muke tsayawa.

Abin da ya taso da maganar shi ne autata. Ranar 15 ga Janairun nan da ya wuce ina zaune a tsakar gida bayan magariba ina shan shayi sai ga ta da ƴan uwanta da jikoki sun shigo da kek a faranti wai bazde ɗina suke yi, na cika shekara 60. Ni dai ban taɓa yin wannan abu ba tunda nake, kuma ba zan shiga rigimar malamai a kai ba, su suka san wannan, na dai ci kek ɗin don ba a wulaƙanta abinci kuma gaskiya ya yi daɗi. Ana cikin haka sai ta ɗauko waya tace Baba bari ka ji manyan mutanen da kuka haɗa ranar haihuwa da su, ta shiga Google ta fara jero mini, Martin Luther King na Amurka, Gamal Abdul Nasser na Masar, El Hadji Diouf ɗan ƙwallon Senegal, da wani mawaƙin Amurka mai sunan kare wanda jikokina duk suka yi ihu da suka ji shi ni kuwa ko a mafarki ban san shi ba. Daga nan ta gangara kan abubuwan da suka faru a ranar, wai a ranar ne aka buɗe Wikipedia a 2001, a ranar ne wani matuƙi ya saukar da jirgin sama a kan kogin Hudson a birnin New York a 2009 mutum 155 duk suka fita da rai, har da wani tankin ruwan rake mai kauri kamar maɗi da ya fashe a birnin Boston a 1919 ya kashe mutum 21. Can a tsakiyar jerin, layi ɗaya tak, ta karanto juyin mulkin Najeriya na 1966 ta wuce abinta kamar ta karanta farashin tumatur. Nace mata tsaya, koma baya. Wannan layin da kika tsallake shi ne takardar haihuwata.

Edita ni ɗan fari ne, ka san kuwa yadda iyayenmu mata na da suke da kunyar ɗan fari, mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba balle ta zauna ba ni labarin haihuwata. A bakin kakata ta wajen uba na ji shi, kuma na ji shi ya fi sau ɗari don duk azumi sai ta maimaita. Tace cikin goman ƙarshe ne na watan azumi, daren Juma'a wayewar Asabar, ana wani irin sanyi a Zariya da ko alwala sai an ɗumama ruwa, naƙuda ta tashi tun kafin a tashi sahur, aka aika aka taso ungozoma, ana kiran assalatu na faɗo. Aka yanke cibi, aka ɗora tukunyar ruwan wanka, mata suna ta murna an samu namiji. Da rana ta ɗaga mahaifina ya sa rigarsa ya nufi gidan yayansa don ya kai albishir, ya tarar da zaure cike da mutane sun kewaye rediyon wani tela maƙwabcinsu, kowa ya yi tagumi. Ya yi sallama da ƙyar aka amsa. Yace an sauka a gidana an samu ɗa namiji. Kakata tace mutum ɗaya bai ce masa barka ba, sai yayan ne ya ɗago yace masa zauna, an kashe Sardauna. Da labarin ya shigo cikin gida, matar da take ta rangaɗa guɗa tun safe sai da aka toshe mata baki, guɗa ta koma salati.

Suna ya zo ranar Asabar ta gaba daf da ƙaramar sallah, kuma kwana ɗaya kafin nan ne, 21 ga wata, aka tsinci gawar Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa a gefen hanyar Legas zuwa Abekuta. An yanka rago an raɗa suna an yi addu'a, shikenan, babu kiɗa babu maroƙa, wanzami ya yi aski ya karɓi abinsa ya tafi. Aka sa mini sunan kakana, amma a gida Ɗan'azumi ya bi ni, wasu gwaggonnina kuma Ɗan'asabe suke cewa har yau.

Don amfanin yara irin autata bari in ɗan faɗi abin da ke cikin layin nan ɗaya. Wasu ƙananan hafsoshin soja ne, yawancinsu masu muƙamin manjo, suka tashi a dare ɗaya a Kaduna da Legas da Ibadan. A Kaduna Manjo Chukwuma Nzeogwu ne ya jagoranta, mutumin da a Kadunar aka haife shi har ana kiransa da sunan garin kuma yana jin Hausa, su suka afka wa gidan Firimiya Sir Ahmadu Bello suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu. A Kadunar dai aka kashe Birgediya Ademulegun da matarsa da Kanar Shodeinde. A Ibadan aka kashe Firimiyan Yamma Akintola. A Legas aka tafi da Tafawa Balewa da ministan kuɗi Okotie-Eboh, aka kashe Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Laftanar Kanar Abogo Largema da James Pam da Arthur Unegbe. Da rana Nzeogwu ya yi jawabi ta Rediyon Kaduna, washegari mulki ya koma hannun Janar Aguiyi-Ironsi. Gidan da abin ya faru a Kaduna shi ne Arewa House na yanzu, na kai ɗalibai can sau biyu, kuma duk lokacin da na shiga sai in riƙa lissafi a raina, a daidai sa'ar da ake harbi a nan ni kuma ana can ana hura wutar ruwan wankan jegon uwata.

To ka ji inda abin haushi da dariya yake. A duk gidanmu, mu goma sha ɗaya da mahaifina ya haifa, ni kaɗai ne aka san ranar haihuwata daram, rana da wata da shekara har da sa'a, ba don an rubuta ba sai don duniya gaba ɗaya ta rubuta abin da ya faru a ranar. Amma je ka duba takarduna. Ranar da aka kai ni firamare hedimasta ya sa na ɗora hannu ta saman kai na kamo kunne, ya dube ni sama da ƙasa ya ga ni ɗan tsurut ne, ya rubuta 1 ga Janairu 1967, bai tambayi kowa ba, mahaifina kuma yana tsaye bai san me aka rubuta ba don boko ba karatunsa ba ne. Wannan ranar ta bi ni satifiket na firamare, ta bi ni kwalejin horon malamai, ta shiga fayil ɗin aiki, yanzu tana kan BVN da NIN da takardun fansho. Na taɓa yunƙurin gyarawa, aka ce in je kotu in yi rantsuwa in kawo takarda in biya kuɗi in jira, wani abokina yace kai malam rufa wa kanka asiri, ka taɓa wannan ranar fanshonka ya maƙale shekara biyu ana cewa bayananka ba su dace da juna ba. Na haƙura. Facebook ma duk 1 ga Janairu sai ya tara mini jama'a suna ta turo mini hoton fulawa, ni da rabin abokaina rana ɗaya.

Maganar rabin abokai ba wasa nake ba. Lissafi na koyar shekara da shekaru a sakandare, kuma akwai wani darasi mai daɗi a fannin yiwuwar aukuwar abu, cewa in ka tara mutum 23 kacal a ɗaki, yiwuwar a samu biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta ɗan haura kashi 50 cikin 100, in suka kai 57 kuwa ta kai kashi 99. Ɗalibai ba sa yarda sai an gwada. Wata shekara nace to bari mu gwada a aji, kowa ya tashi ya faɗi tasa. Na farko yace 1 ga Janairu, na biyu yace 1 ga Oktoba, na uku 1 ga Janairu, na huɗu 1 ga Janairu, kafin mu gama layi biyu aji ya kaure da dariya, darasi ya watse, don lissafin an gina shi ne a kan ranakun gaskiya ba ranakun da hedimasta ko mai shagon kwamfuta ya ƙirƙira lokacin cike fom ɗin jarrabawa ba. Ni kaina malamin da na tashi faɗar tawa sai da na tsaya tunanin wacce zan ba su.

Kuma wannan ba ciwon talaka kaɗai ba ne, tsohon shugaban ƙasa Obasanjo da bakinsa ya sha faɗa cewa 5 ga Maris 1937 da ake masa biki ba shi da tabbacinta, abin da mahaifiyarsa ta gaya masa kawai shi ne ranar kasuwar Ifo aka haife shi. Iyayenmu ba wai ba su damu da lokaci ba ne, nasu salon ajiyar daban ne. Suna ɗaure haihuwa a jikin wani abu da ba za a manta ba, kamar yadda ake ɗaure akuya a turke. Ranar mako tana cikin sunanka, Ladi da Ɗanladi, Altine da Tanimu, Talatu da Bature, Larai da Balarabe, Lami da Ɗanlami, Jummai da Ɗanjuma, Asabe da Ɗan'asabe. Lokacin shekara yana cikin laƙabinka, Azumi, Tasalla, Sallau, Marka, Anaruwa. Shekarar kuma sai a ce shekarar zuwan Sarauniya, shekarar fara, shekarar da aka yi gobarar kasuwa, shekarar da sarki wane ya hau. Ai ko Larabawa haka suke kafin Sayyidina Umar ya tsayar da lissafin hijira, shi ya sa muka san an haifi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Shekarar Giwa, ranar Litinin.

Yanzu bari in koma kan abokan ranar tawa, don bayan yara sun watse na karɓi wayar na sa tabarau na yi ta karatu har dare ya raba. Nasser dai na san shi tun muna yara, a ajinmu na firamare akwai Abdulnasir har biyu. An haife shi a Iskandariya a 1918, ɗan ma'aikacin gidan waya, shi ne ya ƙwace mashigin Suez daga hannun Ingila da Faransa a 1956 suka haɗu da Isra'ila suka kawo masa yaƙi, ya rasu a watan Satumba 1970 yana da shekara 52, kuma babbar madatsar ruwa ta Aswan da ya faro an yi bikin buɗe ta ne ranar 15 ga Janairu 1971, ranar haihuwarsa, shi kuma yana kabari. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne shi ma fa ta juyin mulki ya shigo, su ne matasan hafsoshin da suka kifar da Sarki Faruƙ a 1952. Wato rana ɗaya ta haɗa ni da sojan da ya yi juyin mulki Larabawa suka ɗauke shi gwarzo, da kuma juyin mulkin da ya mayar da Arewa marainiya. Na daɗe ina juya wannan, ban samu inda zan ajiye shi ba.

Shi kuwa Martin Luther King an haife shi a Atlanta a 1929, fasto ne, shi ya jagoranci baƙaƙen fata suka ƙaurace wa shiga motocin bas a garin Montgomery sama da shekara guda saboda dokar da ta ce su zauna a baya su bar wa farare gaba, ya samu kyautar Nobel a 1964, aka harbe shi a Memphis ranar 4 ga Afrilu 1968 yana da shekara 39 kacal. Abin da ban sani ba sai a daren nan shi ne ashe ya taɓa taka ƙasar nan, ya zo Legas a watan Nuwamba 1960 wajen rantsar da Azikiwe a matsayin Gwamna Janar. Amurkawa sun ware masa hutu, Litinin ta uku a kowane Janairu. Na dube ni da shekara 60, na ba shi shekara 21, abin da na tara shi ne ɗalibai da suke gaishe ni a kasuwa, alhamdulillahi ban raina ba.

Autata ta so ta kawo mini zancen taurari, wai masu wannan rana suna da shugabanci a jininsu, nace mata ke rufe mini baki. Duniya tana da mutum sama da biliyan 8, raba su gida 365 ki gani, sama da mutum miliyan 20 ne suke da wannan rana tawa, cikinsu akwai liman akwai ɓarawon waya. In da rana tana ba da hali ai da na iya ƙwallo kamar Diouf, wanda ya wahalar da Faransa a wasan buɗe gasar cin kofin duniya ta 2002 har Senegal ta ci su ɗaya da nema, ni kuwa ko a filin makaranta gola ake sa ni don ba na iya gudu. Kuma da na iya tofa wa mutane yawu irin nasa, Allah ya kiyaye.

Akwai ɗaya kuma da ya fi duk waɗannan kusa da gida. Yaƙin basasa da ya biyo bayan wancan dare, wanda aka fara a watan Yuli 1967 aka yi wata 30 ana yi, a ranar 15 ga Janairu 1970 ne aka rufe shi a hukumance, lokacin da Philip Effiong ya miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon a barikin Dodan da ke Legas bayan Ojukwu ya fice zuwa Kodebuwa. Shi ya sa ranar tunawa da ƴan mazan jiya ta dawo 15 ga Janairu daga 11 ga Nuwamba da ake yi a da. Ina da kawu da ya tafi wannan yaƙi ya dawo da ɗingishi, har ya rasu bai taɓa ba mu labarin abin da ya gani ba, amma duk ranar da ya ga an nuna manya a talabijin suna ajiye furanni suna sakin tattabaru sai ya tashi ya bar ɗakin. To ka ga ranar da yara suke so in hura kyandir a cikinta. Ban hana su ba, amma nace daga bana duk wanda zai ci kek ɗina sai ya zauna an yi wa mamatan ranar addu'a tukuna, na Arewa da na Kudu, kuma sai ya saurari labarin kakata daga farko har ƙarshe ko yana so ko ba ya so.

Wani abin kuma, a wajen kakata ni ba ɗan Janairu ba ne sam, ba ta ma san wani Janairu ba, ɗan azumi ne ni na shekarar 1385. Da yake shekarar musulunci tana gaza ta bature da wajen kwana 11, ranakun nan biyu sun rabu tun ina jariri, sai wajen 1997 zuwa 1999 azumi ya zagayo ya sake tarar da 15 ga Janairu, ita kuwa lokacin ta riga ta rasu. In aka bi lissafinta azumin bana shekarata 62, in aka bi na bature 60, in aka bi na hedimasta 59. Mutum ɗaya shekaru kala uku.

Roƙona gare ka Edita shi ne wannan. Jaridu da gidajen rediyo suna yawan kawo mana tarihin rana irin ta yau, kuma muna jin daɗi, amma sau da yawa kwaso shi ake daga intanet yadda yake, a cika mu da sarakunan Turai da ƴan fim ɗin da ba mu sani ba. Me zai hana ku ware wani ɗan gefe ku riƙa kawo irin abubuwan da tsofaffinmu suke ɗaure haihuwa da su, kowanne da ainihin ranarsa, don mutum ya ɗauka ya je wajen gwaggonsa ya tambaya. In tace an haife ka ana zuwan Sarauniya, to farkon 1956 ne. In tace ranar da motoci suka koma bin hannun dama, 2 ga Afrilu 1972. Shigowar naira da kwabo aka bar fam da sule, 1 ga Janairu 1973, kuma a cikin watan ne ranar 22 jirgin alhazai ya faɗi a filin jirgin Kano mutum 176 suka rasu. Kashe Janar Murtala, Juma'a 13 ga Fabrairu 1976. Rikicin Maitatsine a Kano, Disamba 1980. Rasuwar Malam Aminu Kano, 17 ga Afrilu 1983. Canjin kuɗin Buhari na farko, Afrilu 1984. Rasuwar Sarkin Musulmi Abubakar na uku, 1 ga Nuwamba 1988. Husufin ranar da gari ya yi duhu da hantsi har kaji suka shiga akurki, 29 ga Maris 2006. Waɗannan na ƙasa ne gaba ɗaya, amma kowane gari yana da nasa, ambaliya ko gobara ko naɗin hakimi, ku buɗe ƙofa masu karatu su riƙa aiko da na garuruwansu kuna tantancewa kuna bugawa.

Na gwada abin nan a kan matata kafin in rubuto. Takardarta ita ma 1 ga Janairu ce. Muka je wajen yayar mahaifiyarta da ta rage, tsohuwa ta kusa 90 amma kanta garau, muka tambaye ta. Ba ta ko yi dogon tunani ba tace ai ke ranar sunanki ne aka ce an harbe Murtala, muna cikin dama kunu aka zo aka ce kowa ya shiga gida. Suna ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, ka ja baya kwana bakwai, Juma'a 6 ga Fabrairu 1976. Kuma Jummai ake ce mata a gidansu. Yanzu autar tamu ta riga ta shiga Google tana neman waɗanda uwarta ta haɗa rana da su, wai har ta samo wani tsohon shugaban Amurka, Ronald Reagan, ni kuma an ce in tanadi kuɗin kek na biyu.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, ya jiƙan magabatanmu. Wassalam.

Naku mai karatu kullum,
tsohon malamin lissafi, daga birnin Zariya.